Shaidar Mai Agogo

Shekara hamsin da biyu ke nan da na shigo birnin nan a bayan motar albasa, ƙafa ba takalmi, kuma har yau ban ga wanda ya fi ni saninsa ba. Lokacin da na sauka, inda gadar sama take yanzu fili ne, awaki ke kiwo. An yi ambaliya ina nan. Kasuwa ta ci wuta sau biyu ina nan. Shekarar da aka riƙa kwashe baƙi a manyan motoci, kwana tara na yi cikin wani tsohon tankin ruwa, na fito da ƙibata. Ban taɓa zama a aji ba, amma masu digiri sun sha tsayawa gaban teburina suna murza hannu don sun kulle kansu a waje. Yankan makulli da gyaran kwaɗo ne sana'ata. Ina ciniki da yare takwas, ina zagi da shida.

To ni ɗin nan aka ce wa sai na kawo takarda. Za a rushe tsohuwar kasuwa a mayar da mu sabuwa, kuma ba za a ba kowa rumfa ba sai mai katin ɗan ƙasa. Wa'adi ƙarshen wata. Ni kuwa ban taɓa neman katin ba, don ban ga wanda zai dubi furfurata ya tambaye ni daga ina nake ba. In babu rumfa, sai in naɗe injina in koma gida in zauna tsohuwata, uwar 'ya'yana, tana aikena sayen gishiri.

'Yata ta fari, wadda ke aikin jinya, ita ta cike mini takardun. Ta ce, "Baba, abu ɗaya ya rage. Shaida. Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, ya san ka shekara ashirin, kuma ba danginka ba."

Na yi dariya har da tari. Gidan hayarmu ɗaki goma sha takwas ne, babu ƙofar da ban canza wa kwaɗo ba. Na ce ta ba ni zuwa la'asar.

Na fara da tela, wanda kullum shi ke kan gaba wajen cewa baƙi sun cika gari. Ya ajiye almakashi, ya leƙa tsakar gida, ya rage murya ya ce a goye aka tsallako da shi. Mai aski yana da kati, amma nasa na nema ne, ba na haihuwa ba. Direban bas ya ce an haife shi a kan iyaka, kuma har uwarsa ta rasu ba ta tantance ta wane ɓangare ba. Uwar Biyu mai wanki ta ce in sake yi mata irin tambayar nan, ruwan sabulu zai amsa mini. Ɗaki goma sha takwas, yare wajen goma, rigimar layin famfo kowace safiya kan wa ya riga wa zuwa garin, ashe dukanmu kayan mota ne.

Tela ne ya kawo dabara. Ya ce akwai wani mai jar hula da ke zama a bakin ofishin katin, haifaffen gari ne, kuma ba ya rowar saninsa. Muka zaunar da shi a shagon tela, mutanen gida suka kewaye shi suna koya masa halina. Mai haƙuri ne, mai son zaman lafiya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ina zaune ina gyaɗa kai, don duk gaskiya ne.

Washegari muka shiga. Ɗaki ne mai fanka ɗaya da kujerun roba, da wata jami'a mai tabarau wadda ba ta kai 'yata shekaru ba. Mai jar hula ya buɗe baki ke nan ta ɗaga biro.

"Mai haƙuri ne, ko?"

"Ƙwarai, ranki ya daɗe."

"Mai son zaman lafiya. Malam, wannan ne mutum na huɗu da kuka tashi tare a makon nan. Na jiya ma bai kai talatin ba." Ta juyo gare ni. "Baba, don furfurarka zan yi kamar ban gani ba. Ranar Alhamis ka zo da mutumin da ya san ka da gaske. In ka sake kawo na haya, na rufe fayil ɗin."

Da na koma gida na tarar da tsohuwata tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ai ka san wanda ya rage."

"Ban sani ba."

"Ka sani. Asibitin bayan tasha aka haife shi, shi da ubansa."

Mai agogo take nufi. Shagonsa na jikin teburina shekara talatin da ɗaya. Fari ne sol, mai dogon hanci, gashinsa kamar gemun masara. Kakansa ne ya zo a jirgin ruwa, shi ya sa nake kiransa Ɗan Jirgi, kuma duk ranar da muka yi cacar baki sai na tuna masa cewa teku na nan ba ta ƙafe ba, yana iya komawa. Shi kuma Mai Ƙara yake ce mini. Wai ƙarar injina na sa hannunsa rawa, garin ƙarfe kuma na shiga cikin agogunan mutane. Sau bakwai yana kai ni gaban shugaban kasuwa, sau bakwai ina dawowa da injina.

Ban iya roƙo ba, ban taɓa koya ba. Abin da na yi shi ne, ranar Laraba na buɗe tebur ban kunna inji ba. Masu makulli suka zo na ce su dawo gobe. Wajen azahar sai ga shi ya fito, da gilashin nan na ido ɗaya a goshinsa, ya tsaya yana dubana.

"Na ɗauka mutuwa ka yi."

"Da ka ji daɗi."

"Da na rufe shago rabin yini, don mutunci. Me kake so?"

Na faɗa masa, ina kallon wani kwaɗo da ba abin da ya same shi. Ya gyara gilashin goshinsa.

"Wato baƙo kake nema ya shaide ka."

"Takarda ce ta ce, ba ni ba."

"Zan je. Amma ka sani, Mai Ƙara, ni ba na ƙarya. Abin da aka tambaye ni shi zan faɗa."

Tsohuwata da ta ji haka ta ce in fara neman wanda zai sayi injin.

Ranar Alhamis ya zo da kwat da takardar haihuwarsa cikin leda, ta yi ja don tsufa. Jami'ar ta duba, ta dube shi, ta ce ya san wannan dattijo?

"Abin baƙin ciki, na san shi."

"Wane irin mutum ne?"

"Fitinanne. Bakwai da minti ashirin yake isowa. Ya yi kaki sau uku, ya kunna inji ko da babu mai yankan makulli, don kawai ya ga na ɗago kai. Ranar Litinin yakan makara da minti goma saboda yana tsayawa faɗa da masu shara. Rediyonsa tasha ɗaya yake kamawa, ita ma da shashshaka. Ya ba ki labarin tanki?"

"Bai ba ni ba."

"Zai ba ki. Lokacin da na fara jinsa kwana uku ne. Bana ya kai tara."

Na yunƙura zan yi magana, ta ɗaga mini biro. Na ga rumfata tana tafiya a gaban idona. Shi kuwa ya gyara zama kamar an ba shi abin da ya shekara talatin yana jira. Ya faɗi gobarar farko, yadda na fito masa da akwatin agogunansa na fasa gilashi biyu, na kuma shekara goma ina cewa a ka na ɗauko shi cikin harshen wuta, alhali jansa na yi a ƙasa. Ya faɗi yadda na koya wa jikarsa zagi da yaren da ko ni ban iya gaisuwa da shi ba. Har sunan maganin basir ɗina ya faɗa, wanda ba a tambaye shi ba.

Jami'ar ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Sana'arsa buɗe ƙofofin mutane ce. Ka taɓa jin ya buɗe wadda ba a sa shi ba?"

Ya juya ledar takardarsa sau biyu.

"Makullin shagona na biyu yana hannunsa shekara ashirin da shida, tun wata jinya da na yi. Ko allurar agogo ba ta taɓa ɓata ba." Ya ɗan tsaya. "Amma ba shi da kunya. Ki rubuta wannan ma."

"Na rubuta," in ji ta. "Tun safe yabo nake ji, kowa waliyyi. Wanda ya gaji da mutum haka, ya daɗe da shi." Ta ɗauko hatimi ta buga.

A bakin ƙofa na ce masa tankin kwana tara ne. Ya ce uku. Muka shiga bas ɗaya, kowa ya zauna a nasa gefen.

Katin ya fito ranar Talata, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Tun ranar ya daina ce mini Mai Ƙara, sai Jariri, wai ɗan ƙasa ne ni mai mako ɗaya da haihuwa, in riƙa gaida manya. Na ce masa shi haifarsa kawai aka yi a nan, bai tsinana komai ba, yana kwance aka ba shi. Ni kuwa da ƙafata na zo, na duba garin, na ga ya yi mini, na zauna.

An raba rumfunan sabuwar kasuwa bisa jerin tsohuwa. Tawa lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, tasa da goma sha biyar, bangon da ke tsakaninmu kuwa falanki ne. Na riga na yi wa mai lantarki magana ya sa mini soket biyu, ɗaya na inji, ɗaya na rediyo.