Babin Ƙarshe a Tashar Kawo

Inna ta zo Kaduna ne don a yi mata aikin ido. Bayan an cire mata yanar, likita ya hana ta kallon talabijin, ya hana ta shiga rana, ya hana ta ko sunkuyawa ta ɗauki tsintsiya. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ba a Malumfashi sai ga ta a ɗakin baƙi na gidanmu a Doka, ta zuba tagumi, kullum zancenta na komawa gida. Tun rasuwar mahaifina dama fara'arta ta ragu, wannan zaman kuma ya ƙarasa ta.

Rannan na dawo daga ofis da wani littafi da na saya a bakin hanya, Aljani Ɗan Haya. Labarin wani tsohon aljani ne, Malam Tunkuza, da aka sare kukar da yake ciki don a yi titi, ya shigo gari neman ɗakin haya, dillalai suka yi ta wasa da hankalinsa. Na karanta wa Inna babin farko don kawai in ɗebe mata kewa. Da aka zo inda mai gida ya ce ba ya ba gwauro haya ko da aljani ne, Inna ta yi dariya har na tsorata kada ɗinkin idon ya kwance. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai mu yi babi ɗaya. Ba na leƙa gaba, don na yi mata alkawarin tare za mu ji komai.

Saura babi na ƙarshe littafin ya ɓace daga kan gadonta. Na birkice ɗakin nan kaf kafin maigidana, Lawan, ya ce ai shi ya ɗauka ya tafi da shi ofis, dariyarmu ce ta dame shi. Ya ce ya gama, kuma a ganinsa marubucin bai san dillalan gida ba, na gaske sun fi haka mugunta. Na ce ban tambaye shi ra'ayinsa ba, ina littafin? Ya sosa ƙeya ya ce ƙanwarsa Harira ta gan shi a mota ta ara, gobe za ta dawo da shi.

Goben Harira kuwa kowa a dangin nan ya san tsawonsa. Na kira ta, ta ɗauka tana dariya, ta ce littafin ya hana ta girki, amma ranta ya ɓaci da aljanin bai auri mai ƙosan nan ta cikin labarin ba. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da ya faru a ƙarshe, na katse ta. Sai a nan ta ce, cikin sanyin murya, ta je gaida Baba a Kinkinau ta manta shi a kan tabarmarsa, kuma ya fara karantawa.

Baba shi ne mahaifin Lawan, wato surukina, tsohon sufeton makarantu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in buɗe baki in ce ya ba ni abina. Na ce wa Lawan ya je ya karɓo, tunda shi ya jawo. Ya dube ni kamar na ce ya kama wuta da hannu, ya ce ta ina zai fara ce wa Baba ya kawo littafi? Wai mu bari ya gama. Baba kuma shafi biyu yake karantawa bayan karin kumallo, ya rufe, ya yi tunani a kansu har washegari.

Ana cikin haka likita ya sallami Inna, yayana ya bugo waya ya ce ranar Asabar zai jira ta a tashar Malumfashi. Kowace la'asar sai ta tambaye ni ko Malam Tunkuza ya samu ɗaki, ni kuma in ce littafin na hanya. Na neme shi a inda na saya, mai littattafan ya ce ya ƙare. Takaici ya ishe ni, don na san in ta koma babu mai zaunawa ya karanta mata, kuma ban san yaushe zan sake jin wannan dariyar ba.

Ranar Alhamis na yi dambu na tafi Kinkinau. Na durƙusa a bakin ƙofa, ga littafina a gefen Baba, ya ɗora tabaransa a kai. Muka gaisa, na ce Inna na gaishe shi, jibi za ta koma, kuma tana ta kewar wani labari da muke ji. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sannan ya ɗaga littafin ya ce yaran yanzu ba su iya rubutu ba, ko waƙafi ba su san inda ake sa shi ba, amma wannan aljanin ya fi wasu mutanen da ya yi aiki da su hankali. Ya yi dariya shi kaɗai, ya mayar da shi ƙarƙashin tabarau. Na ce haka ne, Baba. Na fito ina cizon yatsa.

Ranar Asabar da hantsi muka kai Inna tashar Kawo. Mun sa kayanta a but, ta zauna a gefen taga, saura mutum biyu mota ta cika. Sai ga Baba a bayan Harira, ya zo sallama da surukarsa. Bayan sun gama gaisuwarsu mai tsawo, ya zaro littafin daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa wa Lawan.

"Sai jiya Harira ke ce min na mutanen gidanka ne. Me ya hana a yi magana?"

Na karɓi littafin daga hannun Lawan, na tsaya a bakin tagar Inna na buɗe babin ƙarshe. Kunyar Baba, kunyar mutanen tasha, duk na ajiye su gefe, na fara karantawa da ƙarfi don in rinjayi 'yan kamasho da masu tallar burodi. Ban yi nisa ba wani fasinja a baya ya ce in ɗan ɗaga murya. Wani ya tambayi waye Tunkuza, Harira ta tsaya yi masa bayani tun daga sare kuka. Inna na riƙe da hannuna tana dariya, hawaye na fita daga idon da aka yi wa aiki.

Malam Tunkuza ya ɗora hannu a kan ƙofar wani ɗaki ke nan, sai ga mutum biyun da ake jira. Direba ya tada mota. Na roƙe shi ya ɗan dakata, ya ce Hajiya, mota in ta cika ba ta jiran kowa, akwai na baya a layi. Saura shafuka kaɗan. Matar da ke kusa da Inna, wata dattijuwa mai tabarau da ta ce malamar makaranta ce, ta miƙo hannu ta ce in kawo za ta ƙarasa mata a hanya. Motar ta riga ta fara tafiya. Na dubi fuskar Inna, na sakar wa matar littafin.

A hanyar gida Lawan ya ce ko ya faɗa min yadda aka ƙare? Na ce in ya kuskura, tuwon daren nan sai dai ya ci a Kinkinau.

Da yamma Inna ta kira ta wayar yayana. Ta ce sun isa lafiya, sun gama labarin kafin su kai Zariya, kuma har gardama ta kaure a motar, wasu na cewa an cuci aljanin, wasu na cewa shi ya ja wa kansa. Na tambaye ta littafin. Ta ce ai direban ya ara, ya ce zai dawo da shi. Na rufe ido.

"Aziza, kina ji na?" in ji ta. "Baiwar Allahn nan ta yi ƙoƙari, amma ba ta iya muryar Malam Tunkuza ba kamar ke. Ban yi dariya sosai ba. In kin zo da sallah ki sake karanta min wurin."