Badujalar Tandabawi

Mutanen unguwar Tandabawi sun san Ɗan'azumi da sana'a biyu. Da rana yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana hawa rufin gidaje cikin zafin Makka. Da yamma shi ne shugaban 'yan badujalar unguwa, samari 'ya'yan Hausawa haifaffun nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu. Shi a Gusau ya koyi ganga da begila tun yana ɗan makaranta, kuma da ya zo Saudiyya ya tsufa a cikinta, bai yar da abin ba. Shi ya koya wa kowannensu riƙon sanda, har da ɗansa Luqman, mai buga babbar ganga.

Sai dai ba a kiran su ko'ina sai biki, kuma a biki abu guda ake so su buga, wato mizmar, kiɗan rawar sanduna na mutanen Hijaz. Su buga, a yi tsalle, a yi ihu, a ba su shinkafa a bayan gida kusa da motoci. Ɗan'azumi ba ya ƙin mizmar. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cewa, "Ai wannan a jininku yake," kamar ba su taɓa zama sun koyi komai ba.

Wata rana Talal, Balaraben da ke ba su aron filin gidan hutawarsa a Rusaifa suna atisaye, ya zo da labari. Za a yi gasar ƙungiyoyin kiɗa a Jidda, kuma ya shigar da su. Aka zauna kan tabarma bayan la'asar domin a zaɓi abin da za a buga.

Ɗan'azumi ya ciro wayarsa ya kunna musu wani kiɗa. Na Turawan dā ne, wanda ya tsara shi ya daɗe da zama ƙasa. Ya fara jin sa ne a wani otal a Jidda, yana kan tsani da sukundireba a hannu, ya tsaya cak har mai kula da aikin ya daka masa tsawa. Kiɗan yana farawa a hankali kamar tafiyar masu ɗauke da makara, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ya cika wuri.

Samarin suka saurara har ƙarshe. Luqman ne ya fara magana.

"Baba, wannan ai barci zai sa mutane. Mizmar suka san mu da shi."

"Shi ya sa," in ji Ɗan'azumi. "Ina so sau ɗaya a rayuwata a zauna a saurare mu, ba a taka mana rawa ba."

Talal ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, baffana, mai sayar da ruwa ba ya sauya sana'a ranar da ake ƙishi."

Abdulwasi'u, tsohon abokin Ɗan'azumi, mai busa begila, ya gyara zama ya ce shi dai yana bayan malam. Samarin suka dubi juna. Babu wanda zai iya kallon idon mutumin da ya koya masa ganga ya ce a'a. Aka ɗaga hannu, kiɗan Turawa ya ci. Ɗan'azumi ya ga hannayen, bai ga fuskokin ba.

Atisayen ya yi wuya. Begila ba ta kai duk inda kiɗan ke zuwa, sai ya lanƙwasa wasu wuraren, ya ɗora wa ƙananan ganguna abin da begila ta kasa. Babban aikin shi ne hana samarin sauri. Hannunsu ya saba da gudu, shi kuma yana ta cewa, "Sannu, sannu, ku bar shi ya yi numfashi." Ya daina karɓar aikin yamma. Matarsa Saudat ta ce masa, "Malam, yaran nan kunyarka suke ji, ba son abin suke ba." Ya ce mata so yana zuwa daga baya.

Kuma gaskiya ya zo, ko da na ɗan lokaci ne. Wata yamma a Rusaifa suka buga shi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Da aka gama, Ɗan'azumi ya sauke sandarsa. Ya ga Luqman yana share fuska da bakin rigarsa, ya kau da kai don kada yaron ya san an gan shi.

Ranar gasa suka shiga bas zuwa Jidda cikin fararen riguna da Saudat da maƙwabtanta suka goge. Zauren ya cika. Da aka kira 'yan Tandabawi, tun kafin su jeru, samari daga baya suka fara tafi irin na mizmar.

Ɗan'azumi ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga sandar jagoranci. Ƙananan ganguna suka shigo a hankali, Abdulwasi'u ya bi su da begila. Daidai yake tafiya, yadda suka koya. Sai wani ya yi fito. Wani ya ɗaga murya da Larabci, ya kira su da sunan da ake kiran 'yan Afirka a nan, "Ina mizmar, ya Takari?" Dariya ta tashi daga baya ta gangaro gaba. Wasu suka fara buga kujeru.

Ɗan'azumi ya dubi yaransa, ya ga idanunsu sun bar sandarsa sun koma kan jama'a. Ya ce a ransa, da za su jure kaɗan, wurin da kiɗan ke girma ya kusa, zai rufe bakin kowa. Ya dubi Luqman, ya girgiza masa kai.

Luqman ya sunkuyar da kai, ya ɗaga sanda, ya sauke ta a kan babbar ganga da bugun mizmar.

Sauran suka bi shi kamar an ɓalle bakin dam. Zauren ya ɗauki ihu, mutane suka miƙe, wasu suka hau kujeru suna juya gutura, ƙyallen da suke ɗorawa a ka, a sama. Abdulwasi'u ya ci gaba da busa nasa shi kaɗai na ɗan lokaci, babu mai jin sa, sannan ya sauke begilar ya rungume ta a ƙirji. Ɗan'azumi yana tsaye a gaba da sanda a hannu, babu mai kallonta. Bai san yadda ake sauka daga dandamali a tsakiyar kiɗa ba, don haka ya tsaya har aka gama.

Suka zo na biyu, aka ba su kofi. Ɗaya daga cikin alƙalan gasar, dattijo mai fara'a, ya riƙe hannun Ɗan'azumi da hannu biyu ya ce, "Mabruk! Wannan dabara ta burge ni. Kun fara da na Turawa kamar da gaske, kun ja mana rai, sannan kuka koma asalinku. Wa ya tsara wannan barkwancin?"

Talal ya dafa kafaɗar Ɗan'azumi ya ce, "Ai ga gwanin nan."

A bas samarin suna ta waƙa, kofin yana yawo daga hannu zuwa hannu. Luqman ya taso ya durƙusa kusa da kujerar mahaifinsa.

"Baba, ka yafe mini. Dariya suke maka. Wallahi ban iya jurewa ba."

"Ni na ce maka ban iya jurewa ba?"

"Amma ai mun ci."

"Kun ci," in ji Ɗan'azumi, ya mai da fuskarsa ga taga.

Washegari Tandabawi ta cika da barka. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗin Ɗan'azumi. Shi kuwa ya amsa wa kowa da amin, domin babu yadda zai yi wa mutum bayanin cewa abin da ake taya shi murna a kai shi ne abin da ya karya shi. Ranar atisaye ya aika wa Luqman da sandar, ya ce gwiwarsa na ciwo. Makon da ya biyo ma haka. Daga nan aka daina tambaya.

Ƙungiyar ta yi suna. Ana kiran su biki har Ɗa'if, kuma duk mai biki yana roƙon a yi masa irin na Jidda. Sai samarin su jeru, su ɗaure fuska, su fara kiɗan Ɗan'azumi a hankali, baƙi suna danne dariya don sun san abin da ke tafe, sannan Luqman ya saki babbar ganga. Abdulwasi'u ne ya zo ya gaya wa Ɗan'azumi, ya same shi yana kan rufin wani gida a Utaibiyya yana kwance fanka.

"Har yanzu kai kake busa musu farkon?" Ɗan'azumi ya tambaye shi.

Abdulwasi'u ya ce, "Ina da iyali, malam."

Ɗan'azumi ya gyaɗa kai, ya ce ya miƙo masa filaya.