Dutsen da Aka Sa wa Sunan Auta

Masu nazarin taurari suna da ƙa'ida: ba a raɗa wa dutsen sararin samaniya suna sai an san hanyarsa sarai. Kafin nan lamba kawai ake ba shi. Baban Auta, wanda shi ma mai nazarin taurari ne, ya san wannan kamar yunwar cikinsa, amma ɗoki mugun abu ne. Da ya gano wani ɗigon haske yana rarrafe a hotunan na'urar hangen nesa, 'yan rediyo suka zo, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Sunan ƙaramar 'yata zan sa masa," in ji shi. "Auta."

Yarinyar ta kwana biyu tana taƙama a makaranta, har tafiyarta ta canza.

Sai lissafi ya fito. Abokiyar aikinsa ta juyo masa da kwamfuta. Hanyar da dutsen ke bi yana kewaya rana ta gitta ta duniya, kuma nan da wasu shekaru za su iso mahaɗar kusan tare. Ko ya gifta, ko ya daki wani gari. 

"A sake auna shi mana!"

"Da me, Malam? Ya shige cikin hasken rana. Sai bayan watanni zai ɓullo."

Labari ya bazu, kuma wa zai tsaya haddace lamba? A motar haya, a shagon aski, zancen ɗaya ne: Auta na tafe, Auta za ta murƙushe gari guda. Masu dariyar ma sai sun saci kallon sama.

Ya dawo gida da la'asar, matarsa ta tare shi a ƙofa.

"Ka ga abin da ka jawo? Auta ta ƙi cin abinci. 'Yan ajinsu sun daina zama kusa da ita."

A ƙarƙashin gado ya sami yarinyar, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Ya durƙusa.

"Fito mana, 'yar Baba."

"Baba, da gaske zan kashe mutane?"

"Ba ke ba ce, dutse ne. Kuma wataƙila ma ya wuce abinsa."

"Wataƙila? Ka rantse zai wuce."

Ya buɗe baki. Shi kansa tsoron nan ne ke cinsa, rantsuwar ta ƙi fitowa. Auta ta zuba masa ido, ta ƙara matsawa jikin bango.

"To, Baba," ta ce a hankali, "je ka karɓo mini sunana."