Rufin da Ƙanƙararsa Ba Ta Narke Ba

A ƙauyenmu ba sai an shiga gidan mutum ake sanin ko yana hura wuta ba. Rufi ake kallo. Gidan da murhu ke ci, dusar ƙanƙara takan narke kewaye da bututun hayaƙi har jan rufin ya bayyana. Gidan da ba wuta kuwa fari fat yake. Da wannan ido Mai gari Moraru yake raba itacen tallafi. Yakan zaga cikin motarsa mai ɗumi, yana leƙen rufin mutane ta taga.

Sau biyu ake kawo wa tsofaffi itacen: lodi ɗaya da kaka, ɗaya a tsakiyar hunturu. Kowa ya san ba ya kai mutum bazara. Kowa ya sani, kuma kowa ya yi shiru, sai ka ji ana cewa haƙuri maganin zaman duniya. Ni Doina, da na dawo daga karatu a birnin Iasi na kama aiki a ofishin mai gari, ba abin da ke ƙona mini rai kamar wannan haƙuri. Bara da wannan haƙurin muka binne tsofaffin da aka tarar a sandare cikin barguna.

Bana sai mutum uku suka yi dabara. Tanti Saveta mai ciwon ƙirji da Mosh Gavril, tsohon makiyayi, suka kwashe itacensu suka koma gidan Tanti Profira, domin ɗakinta ƙarami ne, yana riƙe zafi. Tanti da Mosh laƙabin girmamawa ne da muke kiran tsofaffi mata da maza da su. Murhu ɗaya, tukunya ɗaya. Matan a kan gado, Gavril a kan benci bakin ƙofa. Tarin Saveta ya lafa. Har ƙiba ta fara yi.

Sai Moraru ya zaga ya ga rufi biyu fari fat. Ya dawo ofis yana kakkaɓe hula.

"Doina, gidan Saveta da na Gavril ba kowa. Tallafi na gidan da ake zaune a ciki ne. Ba su da lodi na biyu."

"Suna raye, yallaɓai. Suna gidan Profira. Jiya ka gaisa da su a coci."

"Na gaisa da su, ban gaisa da rufinsu ba. Ƙa'ida ce."

Da na tashi aiki na tafi gidan Profira na faɗa musu. Na tarar da maƙwabciyarsu Lenuta ta riga ni, tana ba da shawara irin ta ƙauyenmu.

"Abin mai sauƙi ne, Tanti. Kullum da safe ki je ki cinna wa jiƙaƙƙen haki wuta a murhunki, hayaƙi ya tashi ya gani. Kowa haka yake yi."

"Ni?" in ji Saveta. "Da furfurata in riƙa yi wa Nelu wasan hayaƙi? Yaron da na wanke wa kashi?"

Nelu shi ne sunan Moraru na yarinta, kuma ita kaɗai ta rage mai kiransa da shi.

"To ki koma gidanki mana," in ji Lenuta.

"Ta koma ta mutu, ni kuma in rasa mai yi mini minshari?" in ji Profira.

"Minsharin na Gavril ne," in ji Saveta.

"Ƙarya kike, tsohuwa," in ji Gavril daga benci. "Naki har kare yake amsawa."

Suka yi dariya, amma ni ban yi ba. Na leƙa rumfar itace kafin in shigo. Abin da ya rage ba zai fitar da su hunturu ba, ko da lodin Profira ya zo. In Saveta ta koma gidanta ita kaɗai, ƙirjin nan ba zai kai ta bazara ba. Na ce zan kai ƙara birni.

"Kafin birni su amsa miki, ciyawa ta tsiro a kaina," in ji Saveta. Ta dube ni. "Ke 'yar nan, ofishinku akwai ɗumi?"

"Har gumi muke yi, Tanti."

"Wa ke buɗe ƙofa da safe?"

"Ni."

Ta juya ta dubi Profira da Gavril.

Washegari na iske su bakin ofis. Gavril ya jawo keken hannu, an ɗora katifa, barguna, buhun garin masara da baƙar tukunya. Profira na rungume da kyanwarta. Na san abin da buɗe ƙofar nan zai iya jawo mini. Na buɗe, har na kama musu katifa muka shimfiɗa ta a ofishin mai gari, jikin bututun ɗumama ɗaki.

Lokacin da Moraru ya iso, Saveta ta ɗora tukunya a kan rishon da muke dafa kofi, tana tuƙa mamaliga, tuwon masararmu. Safar Gavril na shanye a kan kujerarsa.

"Mene ne haka?"

"Sannu da zuwa, Nelu. Goge ƙafarka, yanzu aka share."

"Tanti, nan ofis ne!"

"Ka ce ba na zaune a gidana. Gaskiya ka faɗa. Ka ce kuma zamana gidan Profira ba zama ba ne. To mutum dole ya zauna wani wuri. Na duba rufin ƙauyen nan kaf, ba wanda ya kai naka narkewa."

Ya juyo kaina, fuskarsa ta yi ja. "Ke kika buɗe musu. Fitar da su."

"Ba zan fitar ba."

"Kin san aikinki a hannuna yake?"

"Na sani, yallaɓai. Ka kore ni in ka ga dama, amma kai za ka ɗauki katifar da hannunka, ka ajiye ta cikin ƙanƙara mutane na kallo."

Kuma suna kallo. Labari ya zaga, tagogi sun cika da fuskoki. Abin takaici, yawancinsu tsayawa suka yi a waje suna girgiza kai, wai tsofaffin nan sun zubar da mutunci. Su ne dai masu haƙurin. Amma kafin rana ta take, wasu tsofaffi sun turo ƙofa, kowa da ɗan ƙunshinsa, sun jeru jikin bango suna miƙa hannu ga ɗumi. Ba wanda ya ce musu su zo.

Moraru ya kira ɗan sandan ƙauye. Da ɗan sandan ya shigo ya ga kakarsa cikin masu jin ɗumi, sai ya cire hula ya karɓi mamaliga da cuku ya ci a tsaye.

Moraru ya sassauta murya. "Tanti, ki tausaya mini. In na karya ƙa'ida saboda ke, gobe kowa zai bar gidansa ya tare da maƙwabci."

"Su tare mana! Me ya fi? Kai so kake kowa ya mutu a ɗakinsa don rufi ya yi maka kyau?"

Moraru ya ce, "To, na ji. Za a kai itacen. Naki ƙofar gidanki, na Gavril ƙofar gidansa."

"Wa zai kwaso? Gavril da ƙugunsa kamar tsohuwar ƙofa?"

"Ƙuguna lafiya lau," in ji Gavril.

"Rufe mana baki. Ƙofar Profira, Nelu. Duka ukun. A fili, da rana, kowa ya gani."

Ya daɗe yana kallon tagogi. Sannan ya ɗauki waya ya kira mai tarakta. Da ya ajiye ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke kuma za mu yi magana."

"Ina nan," na ce.

Ya juya ga Saveta. "Shi ke nan, Tanti. Ku tattara."

Saveta ta gyara zama a kan katifa, ta ja bargo ta rufe gwiwoyinta.

"Gavril, je ka tsaya ƙofar gidan Profira. In an sauke, ka duba ko busasshe ne, kada su kawo mana ɗanye. Sai ka dawo ka faɗa mini."

"In ɗanye ne fa?" in ji Profira.

"Sai mu kwana nan. Doina, miƙo gishiri."