Lamba Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya ɗaga wa Kanar Sadique murya. A bariki sai dai a ƙame a sara masa, ko da shirme ya faɗa. A gida ma Adiza, matarsa, ta daina jayayya da shi tun da ta gane ya fi saurin saukowa in an ƙyale shi. Wani zai ce daɗi ne ya yi masa yawa, amma shi abin ya fara damunsa, don ya rasa mai gaya masa gaskiya.

Kafin ya sa kaki, tseren kwale-kwale ya sani. A unguwar Hulme ta Manchester ya tashi, iyayensa 'yan Zangon Kumasi, kuma yana ɗalibi a Manchester ya ciyo kofuna har mahaifiyarsa ta riƙa zuba maɓallai da allurai a ciki. Yanzu shekarunsa hamsin da uku, an yi masa aiki a gwiwa, abu ɗaya yake son sani: da sauransa a ruwa, ko ya ƙare?

Shi ya sa ranar Asabar da sassafe ya kama hanyar Birmingham. 'Yarsa Khairat, da ke karatu a can, ita ke zama a ƙarshen jirgin wani kulob, tana riƙe da sitiyari tana ba matuƙa takwas umarni. Ranar sun rasa mutum ɗaya a atisaye.

"Baba, are you sure? Likita fa ya ce ka bi a hankali," ta ce da ya ɗauke ta a unguwar Selly Oak.

"Ke dai ki ba ni kujera."

Ta ba shi ta huɗu, suka hau tafki. Da farko kamar bai taɓa bari ba, ga sanyi a fuska, ga ƙamshin ruwa, har ya ji yaro ya koma. Can sai filafilinsa ya fara shiga ruwa bayan na kowa. Kaɗan ne, amma jirgi ya soma rangaji. Ya sani, kuma ya san ta gani.

"Six, sit up! Two, watch your hands!" Khairat ke yi wa matuƙan tsawa, tana kiran kowa da lambar kujerarsa.

Kowa ta taɓa ban da shi. Nan jikinsa ya yi sanyi. Kunyar uba take ji, tarbiyyar da shi da kansa ya ba ta. Amma ya daɗe a harkar, ya san wanda aka cire rai da shi ake lallaɓawa, wanda ake sa ran zai gyara kuwa tsawa ake yi masa.

Sai filafilin ya maƙale a ruwa, jirgi ya karkata.

"Four!" Muryarta ta fashe a lasifika, sannan ta juya Hausa don kada Turawan da ke cikin jirgin su ji. "Tun ɗazu kake makara! Barci ka zo yi? Ɗago kai, ka bi na gabanka!"

Kanar ya miƙe baya, ya bi na gabansa. Filafili takwas suka faɗa ruwa lokaci guda, jirgi ya miƙe ɗoɗar. Rabon da ya ji daɗi haka har ya manta, yana haki yana murmushi.

Da suka fito, Khairat ta zo tana murza yatsu.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. It just came out."

"Asabar mai zuwa ƙarfe nawa?"

Ta dube shi, ta ga da gaske yake.

"Bakwai," ta ce. "Amma gaskiya Baba, sai ka rage tuwo."