Mai Kamfani Dubu Huɗu

Eneida ta rungume kular sankocho a cinyarta, bas ɗin San Miguelito yana ta gwara su, romon kaza da doya na tsiyaya ta gefen murfi yana ƙona mata yatsu. Matar da ke kujerar gaba ta juyo karo na uku, ta dube ta, ta dubi wayarta, ta zunguri mijinta. Eneida ta mayar da fuska taga. Wata huɗu ke nan hotonta na yawo a wayoyin mutane, har yanzu ba ta saba ba.

Shekara ashirin da shida ta yi a ofishin wasu lauyoyi, can hawa na goma sha takwas, tana dafa kofi tana goge tebura. Duk Juma'a sakatariya kan dire mata tarin takardu, wasu da rubutu, wasu farare fat, ta nuna mata layin ƙasa. Sai ta yi ta sa hannu har wuyan hannunta ya yi tsami. Direban ofishin ma yana sawa, mai gadi ma haka. Attajirin da ba ya son a ga sunansa, sai a ara masa na talaka. Da asirin ofishin ya tonu, lauyoyin suka hau jirgi, jarida kuwa ta buga cewa Eneida Quirós darakta ce a kamfani dubu huɗu da ɗari biyu, ita da ke tara robobi a ɗaki in ruwa ya sauko. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Duk wannan da sauƙi, da a ce yayanta Aristides bai yarda da labarin ba. Tun da ya ajiye tuƙin bas ya kama kallon bidiyo a waya, ya gano masu mulkin duniya kaf. A cewarsa wasu iyalai ne a Siwizalan, da suka ƙi shiga yaƙin duniya, suka zauna suna karɓar ajiyar zinaren kowane ɓangare, masu shi suka mutu, su kuma suka kwaso shi zuwa tsibirai. Kullum a teburin wasan domino yana buga ƙwaya yana cewa, "Duk wanda ya ce ba ruwansa da faɗa, ku bincika, shi ya sayar wa kowa sanda." Ana dariya, ita ma tana yi. Ranar da sunanta ya fito, a gaban 'yan dominon ya nuna ta ya ce ashe macijin a gidansu yake kwana. Bai sake yi mata magana ba.

Yanzu yana kwance a asibiti, an ɗaga aikin zuciyarsa sau uku, likita ya ce zuciyar ba lallai ta jira na huɗu ba. Jiya matarsa Zoraida ta bugo ta ce yana nemanta. Abu ɗaya Eneida take so a duniya, ya yarda da ita kafin ya tafi.

Ta same shi a gadon ƙarshe, ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Zoraida ta karɓi kular ta koma bakin ƙofa.

"Yaya, sannu da jiki."

"Neida. Matso."

Ta ja kujera. Maganar da ta yi ta shiryawa a bas ta zubo gaba ɗaya. "Yaya, na rantse da kabarin Mama, kofi kawai nake dafawa. Ko sunan kamfanonin ban..."

"Shhh! Rage murya." Ya nuna tsohon da ke gadon kusa da haɓa. "Wancan wai ciwon ƙoda yake yi. Kwana uku ban ga ya yi barci ba, sauraro yake."

"Haba Yaya, mutumin da ake ba abinci a baki?"

"Ke dai ba ruwanki. Ki kira su."

"Su wa?"

"Mutanenki mana. Waya ɗaya za su bugo daga can, gobe da safe a shiga da ni. Kina jin wani mai zinare yana bin layi?"

Ta dube shi. "Ba ni da kowa. Ko aikin ma ba ni da shi yanzu."

"Na sani, an rantsar da ku. Ba sai kin amsa ba, ni ba yaro ba ne." Ya lalubo hannunta ya riƙe, nasa sanyi ƙalau. "Abin da na faɗa a wajen domino, bakina ne, kin san bakina. Ni na goya ki zuwa makaranta da ambaliya ta cinye gada, kin manta? Neida, jiya sun fitar da na gadon can a lulluɓe. Shi ma jira yake yi." Muryarsa ta karye. "Tsoro nake ji."

Ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba, mutumin da ya shekara talatin yana zagin 'yan sanda ta tagar bas. Tana iya rantsuwa har ya yarda, ta san za ta iya. In ya yarda kuwa, ba abin da zai rage masa sai jiran layi da kallon silin.

Ta zare hannunta a hankali ta miƙe. Ta fita baranda, ta tsaya daidai gilashin da zai iya hango ta. Wayarta ko kati babu, tun Talata. Ta kara ta a kunne, ta gyara tsayuwa, ta ɗaure fuska irin yadda ta sha ganin lauyoyin suna yi.

"Eneida Quirós ce," ta ce. "Akwai mara lafiya a nan, ina so a duba maganarsa yau."

Zoraida da ke tsaye kusa ta dubi wayar, ta ga fuskar wayar baƙa ƙirin, ta dubi Eneida. Sai ta sunkuyar da kai ta shiga buɗe kula.

Eneida ta ci gaba da gyaɗa kai, tana cewa to, to, madalla. Ta cikin ƙofa ta jiyo muryar Aristides, ta ɗan yi ƙarfi, yana magana da tsohon gadon kusa.

"Ka ga waccan mai wayar? Ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."