Shekara Tara Ba Gaisuwa

"Babanki nake nema, Kauthar," in ji Prudence, tana tsaye a ƙofar gidanmu. "Daddy ya ce a kira shi yanzu."

Na kalli Baba. Shekara tara muna katanga ɗaya da mahaifinta Thaddeus a Jiwa, bai taɓa amsa gaisuwarmu ba. Ya toshe mana kwata, ya kai mu ƙara wurin mai unguwa har sau biyu a kan awaki. Mu dai mun ɗauka bambancin addini ne.

"Kada ka je, Baba," na ce.

Bai kula ni ba, sai na bi bayansa.

Ɗakin na warin magani. Thaddeus yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, yana jan numfashi da ƙyar.

"Malam Bello, ka san ni?"

"Ai maƙwabcina ne kai."

"Kafin nan. Lokacin rusau. Kai ka tuƙa katafila, da jar hula a kanka."

Baba ya dafa bango. Shekara ashirin ya yi yana wannan aikin kafin ya yi ritaya, bai kuma taɓa ba mu labarinsa ba.

"Na tsaya gabanka, na ce oga, matata Christina ba lafiya, ba ni awa ɗaya. Ka nuna kunnenka, wai inji na ƙara, ka rushe mana gida. Kwana uku Christina ta yi a ƙarƙashin leda, ruwa na dukanta. Na huɗu ta tafi."

"Umarni aka ba ni," Baba ya ce. "Ga 'yan sanda a bayana."

"Na sani. Waɗanda suka ba ka umarnin ban ga fuskarsu ba. Taka na gani." Ya yi tari mai tsawo, Prudence ta tallafo kansa. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar nan, ka ji ni?"

Na riƙe hannun rigar Baba, ina fatan ya ce a'a.

"Na ji ka," Baba ya ce.

Thaddeus ya daɗe yana kallonsa, sannan ya lumshe ido. "To. Ka je."

Kafin la'asar muka ji kukan Prudence.

Da 'yan cocinsu suka fara taruwa, wurin zama ya yi kaɗan. Baba ya shiga ɗauko bencinan zaurenmu ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a ƙofar gidan Thaddeus. Na miƙa hannu zan kama masa, ya girgiza kai, ya koma ɗauko na ƙarshen shi kaɗai.